Sun Koya Mini Rufe Baki

Yaya,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya ƙafar Inna? Yaran fa, suna karatu? Ni lafiya lau, sai bayana da ke ciwo saboda ɗaukar kwalaye a siton da nake aiki, amma kada Inna ta ji.

Cocinmu na horar da mu don mu koya wa baƙi darasin farko na bangaskiya. Mai horarwar yarinya ce, sa'ar autarmu. Ni da na tsufa ina koyar da ajin baftisma a gida, wai idan baƙo ya yi tambaya kada in amsa, in ce wa sauran, "Ku me kuka gani?" Raina ya ɓaci, amma gaskiya ta san aikinta.

Da aka ba ni nawa teburin baƙin in jagoranta, na gayyato Dogo, direban sitonmu, wanda 'yarsa ta rasu bara. Na san in ya fita ransa a ɓace, ba zai sake taka coci ba. Ya dube ni ya ce, "Malam, in Allah na ƙaunarmu, yana ina ranar?"

Ayoyi suka cika mini baki, na haɗiye. Can wata tsohuwa ta tura masa kofin shayi ta ce, "Ni ma ban sani ba, ɗana. Nawa ma ya tafi."

Makon nan ya dawo, har da matarsa. Ya ce mini, "Ashe kana iya shiru."

Ki gaya wa Inna haka, ko da yake ba za ta yarda ba. Allah ya kiyaye ku.

Ƙanenki