Inuwar da Inna Ta Je Nema

Laraba da dare, unguwar Hajj Yusuf

Yau na kai Inna Khartum. Tun da idonta ya mutu take damuna in kai ta wurin dogon benen da aka rushe tsohon gini mai baranda dominsa, inda ta ƙare ƙuruciyarta tana sayar da shayi. Masu sabon ginin sun yi mata alkawarin gurbi a bakin ƙofa in an gama. Ban taɓa gaya mata aikin ya tsaya ba.

Mun sauka daga mota bayan azahar. Langa-langa ne kewaye da rami, ruwan damina ya yi kore a ciki, rodi duk tsatsa.

Ta ce, "Ya yi tsawo, Hawwa?"

Na ce, "Sai an ɗaga kai, Inna."

Ta ja hannuna har daidai inda take jawo murhunta a irin wannan lokaci, tana bin inuwa. Rana na dukan kanta.

Ta ce, "Ashe ginin zamani ba ya inuwa. Mu koma."

Da muka dawo ta ce in fito da murhun daga ƙarƙashin gado in ba maƙwabciya. Na bayar. Ko kuka bai zo mini ba.