Ƙahon da Na Sa Aka Yi wa Babanka

Zuwa ga ɗana Umaru,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarka, ina iyali, ina gajiyar aiki? Mu nan Kaoje sai godiya.

Tun shekarar da kogi ya cinye shinkafarmu babanka ke fama da hawan jini. Bana ni na hana shi ƙwayoyin asibiti, na kirawo wanzami daga tsallaken iyaka ya yi mishi ƙaho, kamar yadda kakanka ke yi. Ran Talata ya faɗi a gona, ɓarin damansa ya shanye.

Da muka kai shi asibiti, likita ta ce mani, "Baba, ba mataccen jini ba ne. A bangon jijiya akwai wani abu, ɗan'uwan abin da ke sa jini ja, shi ke daidaita abin da ke cin ta kamar tsatsa in ya yi yawa. Ƙaho ba ya kaiwa can."

Na ce mata ƙaho ya girme ta. Babanka yana kwance yana kallona, bakinsa ba ya motsi.

Ka sa shi a addu'a, ka gaida matarka Hajara. Gobe da safe ni zan ba shi ƙwayar da hannuna.

Baffanka, Mamman.