Ta'aziyyar da Kuka Aiko Gidanmu a Kebbe

Zuwa ga Mai Girma Jakada,
Ta hannun shugaban sashen tantance takardu,
Ofishin jakadancin ƙasar da ta ba ni gurbin karatu, Abuja.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, mai rubuto maka wannan wasiƙa shi ne Haliru Mu'azu, haifaffen Kebbe, malamin Larabci a wata makarantar Islamiyya a Tambuwal. Na fara da gabatar da kaina ne domin a fayil ɗin da ke ofishinka an rubuta cewa na rasu. Ban ambaci sunan ƙasarka ba saboda malamaina biyu a can suka yi karatu, ina jin nauyinsu. Na rubuta wannan a buɗe ne kuma, kowa ya karanta, domin wasiƙu uku da na kawo ƙofarku an dawo mini da su, wai fayil ɗin da aka rufe ba a karɓar magana a kansa sai daga magada.

Wata jami'a a ƙasarku ta ba ni gurbin karatun digiri na biyu a fannin hadisi, da sharaɗin takarduna su isa da hatiminku kafin ƙarshen watan Safar. Idan watan ya fita, gurbin ya fita. Takardun kuwa, na asali gaba ɗayansu, suna cikin durowarku.

Na farko. A watan Shawwal na kawo takardu huɗu: ta haihuwa, ta sakandare, ta digiri, da shaidar haddar Alƙur'ani. Ma'aikatun ƙasarmu sun riga sun buga nasu hatimin. Na biya abin da aka ce in biya, aka ba ni rasit, aka ce in dawo bayan mako uku. Ma'aikacin da ya karɓa ban taɓa ganin fuskarsa ba har yau. Gilashin tagar baƙi ne, kai kaɗai kake gani a ciki, murya tana fitowa ta wasu 'yan huji, hannu yana fitowa ta ƙasa. Na dawo bayan mako uku, muryar ta ce ana bincike. Na dawo bayan shida, ta ce in je gida, za a aiko da amsa ga adireshin da na rubuta. Adireshin da na rubuta shi ne gidan mahaifina, marigayi Malam Mu'azu, a Kebbe.

Na biyu. Amsar ta riga ni isa. Na kwana biyu a hanya saboda motar da na shiga ta lalace, wayata kuma ta mutu. Ranar Alhamis bayan la'asar ɗan kabu-kabu ya sauke ni a bakin layinmu, na hangi tabarmi shimfiɗe a ƙofar gida, da takalma jere, da butoci. Mahaifiyata ce ta faɗo mini a rai, domin tana da hawan jini. Na ƙarasa da sauri na yi sallama. Mutum kusan ashirin, waɗanda suka san ni tun ina rarrafe, suka zuba mini ido, tasbaha ta tsaya a hannun kowa. Wani dattijo maƙwabcinmu ya miƙo mini hannu, kuma da yake maganar ta riga ta zauna a bakinsa tun safe, sai ya ce mini, "Ya aka ji da haƙuri?"

Baffana Malam Sidi, ƙanen mahaifina, shi ya miƙo mini wasiƙarku. Da Larabci mai kyau aka rubuta ta, ban sami kuskuren nahawu ko ɗaya ba, ina yaba wa wanda ya rubuta. Tana cewa ofishinku ya tabbatar da rasuwar Haliru Mu'azu, yana yi wa iyalansa ta'aziyya, kuma magada su zo su karɓi takardunsa. Iyalina sun san na tafi Abuja, sun kira wayata ba ta shiga, ga kuma takarda mai hatimin ƙasa guda. Ban ga laifinsu ba da suka shimfiɗa tabarma. Na karanta ta'aziyyata a tsaye, da jakata a kafaɗa.

Na uku, kuma nan ne nawa ɓangaren, ba zan ɓoye shi ba. A wannan yammacin Baffa ya kira ni zaure ya gaya mini abin da aka shekara talatin da wani abu ba a gaya mini ba. Kafin ni akwai Haliru. Shi ne ɗan fari a ɗakin mahaifiyata, ya rayu wata goma sha huɗu, zazzaɓi ya ɗauke shi. Da aka haife ni, mahaifina ya maida mini da sunan, kamar yadda ake yi a wajenmu, domin sunan malaminsa ne kuma ba ya son sunan ya bar gidan. Da lokacin shiga firamare ya zo aka nemi takardar haihuwa, sai ya buɗe akwatin littattafansa ya ɗauko wadda ke ciki. Suna ɗaya, uba ɗaya, gari ɗaya. A ganinsa babu ƙarya a ciki, takarda ce da ba ta da mai ita. Daga wannan takardar aka kwafi ranar haihuwata zuwa kowace takarda da na mallaka.

Ku kuma da kuka aika a duba tsohon littafin rajista, aka sami layin Haliru Mu'azu, aka sami kalma biyu da jan biro a gefensa: ya rasu. Malamin asibitin da ya rubuta haihuwar shi ya dawo ya rubuta rasuwar, domin yana cikin waɗanda suka kai yaron makwanci. Gaskiya ya rubuta, Allah Ya jiƙansa.

Tun daga ranar abubuwa da yawa suka faɗo mini. Ni ne ƙarami a kowane aji da na zauna, malamai suna cewa ban kai shekaruna ba. Takarda ta ce an haife ni ranar Juma'a da damina, mahaifiyata kuwa kullum cewa take ranar Talata ce, ana yankan gero. Na ɗauka mantuwar tsofaffi ce. Ashe shekara biyu nake ɗauke da su da ban rayu ba. Baffa ya nuna mini wurin da aka binne yayana, a bayan gari, babu ko tudu yanzu, sai ciyawa. Na tsaya zan yi masa addu'a, da na zo ambaton sunansa sai na ji nawa nake faɗa. Tsoro na ji, Ranka ya daɗe, ba zan ce maka ban ji ba.

Na huɗu. Na koma tagarku da wannan bayani a rubuce. Muryar ta ce in matso kusa da gilashi, na matso. Na tsaya ina kallon fuskata. Sannan ta ce lallai akwai kama da hoton da ke fayil, amma kama ba hujja ba ce. Hannun ya turo mini fom ɗin magada. A layi na uku an tambayi dangantakata da mamaci. Na daɗe riƙe da biro, domin amsa ta gaskiya ita ce ƙanensa. Amma idan na sa hannu, na yarda ke nan cewa jaririn wata goma sha huɗu shi ya haddace Alƙur'ani ya yi digiri, kuma za a ba ni takarduna da tambarin mamaci a kansu, ba su da sauran amfani a ƙasarku ko a tamu. Na mayar da fom ɗin babu rubutu.

Na biyar. Sai aka ce akwai hanya ɗaya: mahaifiya ta yi shaida da bakinta, ta kiran bidiyo, a gaban jami'inku da tafinta. Na yi bayani cewa mace a wajenmu ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, kunya ce da aka san ta da ita. Ni tun da na buɗe ido ban taɓa jin Haliru a bakinta ba. Barmo take kira na, wato a bar mana wannan, kuma sai yanzu na gane wanda ba a bar mata ba. Aka ce doka ce.

Na ɗauko ta daga Kebbe zuwa ɗakina a Tambuwal, domin a Kebbe sabis ba ya ɗaukar bidiyo. Ta zauna a kan darduma ta ja lulluɓi, na riƙe mata waya. Jami'inku bai buɗe kyamararsa ba, baƙin allo take kallo. Tafinta ya tambaye ta sunan ɗanta da ya rasu. Sai ta faɗe shi, a hankali, da wata murya da ban san ta da ita ba, irin wadda ake tashin jariri daga barci.

Ban san lokacin da na ce na'am ba.

Ta juyo ta dube ni ta ce, "Ba kai nika kira ba."

Tafinta ya ce to, ɗan da ke raye fa, yaya sunansa? Ta ce Barmo. Ya maimaita tambayar, ta maimaita amsar. Ya ce sunan yanka ake nema. Ta ce, "Wanga dai Barmo na, haka nis san shi." Aka ce babu Barmo a fayil, kiran ya yanke. Bayan kwana biyar saƙo ya shigo wayata cewa mahaifiya ta tabbatar da rasuwar Haliru Mu'azu, an rufe magana.

Raina ya ɓaci da ita a ranar kiran, Allah Ya yafe mini. Na ce Inna, kalma ɗaya ce fa, kin ma riga kin faɗe ta. Amsarta ta zo ne da muka kusa Kebbe, inda ɗan kabu-kabu ya sauke mu mu taka saboda yashi. A nan ta gaya mini cewa sau ɗaya ta taɓa kiran sunan kafin ranar. Da safiyar da jikin yaron ya yi sanyi a bayanta, ta kwance goyo, ta manta da kunya, ta girgiza shi tana kiransa da sunansa. "Ran da nik kira shi da sunan ga, ran nan yat tafi," in ji ta. "Ba ni aza shi bisa kanka." Ni malami ne, na san suna ba ya kashe kowa, ajali ne. Duk da haka jakarta kawai na karɓa, muka ci gaba da takawa.

Saboda haka, Ranka ya daɗe, ga roƙona.

Kada a sake tambayar mahaifiyata. Abin da kuka sa ta faɗa ya isa, kuma ko gurbin zai tafi ba zan sake riƙe mata waya ba. A karɓi shaidar Baffa Malam Sidi, da ta limamin unguwarmu, da ta mai unguwa, dukansu sun halarci sunan yara biyun kuma a shirye suke su rantse a gaban alƙali. A ba ni dama in yi rantsuwar gyaran ranar haihuwa, in mayar wa yayana shekarunsa biyu. A sa mutum mai fuska ya fito daga bayan gilashin ya dube ni, ya ɗauki hoton yatsuna idan ya so. Sannan a buɗe fayil ɗin a buga hatimi kafin Safar ya fita, ko a dawo mini da takarduna uku yadda na kawo su. Ta haihuwar ba tawa ba ce, na amince da wannan.

Wasiƙar ta'aziyyar kuwa, kada ku nemi a dawo da ita. Na so in yaga ta, Inna ta karɓe, ta naɗe ta a cikin wani tsohon zanen goyo ta sa a ƙasan akwatinta. Ta ce lokacin da yaron ya rasu cewa aka yi ta yi haƙuri, jariri ne, wani zai zo, ko tabarma ba a shimfiɗa ba. Taku ce ta'aziyya ta farko da aka yi mata da sunansa. Ta ce in yi muku godiya, ga shi na yi.

Allah Ya ƙara maka lafiya da adalci, Ya tsare ka da iyalinka, Ya sa ranar da za a karanta taka ta'aziyyar ta yi nisa, kuma kada ka kasance a tsaye a wurin.

Wassalam.

Haliru Mu'azu, ƙanen marigayi Haliru Mu'azu,
wanda mahaifiyarsa ke kira Barmo.
Tambuwal.