Wuƙar Kaka ta Yanka Ragon Suna a Ƙasar Malesiya

Wangsa Maju,
Kuala Lumpur.

Zuwa ga Baffana, Sarkin Fawa Alhaji Ubale,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Iya da dukkan mutanen gida. Allah Ya ƙara maka nisan kwana, Ya sassauta ciwon gwiwar nan da ke hana ka zuwa mayanka da sassafe. Mu a nan lafiya ƙalau muke. Khaulah ta warware sosai, jariri kuma sai tsotso da barci, idan ya buɗe murya kuwa har maƙwabtanmu Malayu sun san jikan mahauta ya iso. Na san an gaya maka ya ci sunan marigayi Baba, Abdulmajid. Abin da ba a gaya maka ba shi ne wahalar da wuƙar Kaka ta sha kafin ta kai ga wuyan dabba.

Ka tuna ranar da zan taho karatu ka naɗe ta cikin tsohon zanen Iya, ka cusa a ƙasan akwatina, ka ce tun zamanin Kaka ba a raɗa wa ɗan gidanmu suna ba sai da ita aka yanka ragonsa. To da aka haihu na ciro ta, na wasa ta, na fara neman wurin yanka. A benen da muke haya akwai kwamitin mazauna, kuma dokarsu ta hana yanka ko da kaza ce a harabar gidan. Shugabar kwamitin, wata dattijuwa mai fara'a, ta yi mini barka, ta ba Khaulah kyautar tawul, sannan ta ce maganar yanka kam tak boleh, wato ba zai yiwu ba. Ban ji haushi ba, idan ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma sai ka nemi taka ka ɗaura. Aka nuna mini wata gonar dabbobi a bayan birni inda Musulmin nan ke yankan suna.

A nan na yi aikin ɗan gado. Na tashi da safe na sa babbar riga, na soke wuƙar cikin kubenta a ƙugu kamar yadda na ga kai da Baba kuna yi tun ina yaro, na nufi tashar jirgin ƙasa. Wallahi ko a raina ban kawo komai ba, don a wurinmu ɗaukar wuƙa a fili shi ne rashin tarbiyya. Ina ɗaga hannu zan gyara hula sai jan kuben ya leƙo, masu tsaron tashar suka tare ni, suka karɓe ta, suka kira ɗan sanda. Baffa, ban ji tsoron kamu ba kamar yadda na ji tsoron kada wuƙar Kaka ta ƙare a cikin kwandon kayan ɓata-gari, in rasa bakin da zan gaya maka.

Abin da ya biyo baya shi ya sa nake ta tunani har yau. Masu tsaron suka ce dokar tasharsu ta hana, a riƙe wuƙar kawai. Ɗan sandan ya ce shi ba da dokar tasha yake aiki ba, da dokar ƙasa yake aiki, ita kuwa tambayarta ɗaya ce, wane dalili ya fito da kai da wuƙa. Na nuna masa hoton jariri da saƙon masu gonar, na ba shi tarihin Kaka da Turancin da tsoro ya bar mini. Ya juya ta a hannu, ya tambayi ko fatar akuya ce a jikin kuben, na ce ita ce. Ya ce dalilina ya karɓu, sai dai sokewa a ƙugu ƙarƙashin riga shi ne abin da ya fi jawo zargi, in naɗe ta in sa a jaka. Ya mayar mini da ita, amma ya ce jirgi nasu ne, ba zai tilasta musu su ɗauke ni ba. Haka na fita da wuƙata a jaka na nemi tasi.

A gonar ma ban tsira ba. Ashe na tsallaka wata jiha, kuma masu gonar suka ce a wurinsu sai mai izinin hukumar addinin jihar yake yanka. Ni da aka haifa cikin fawa, ga ni tsaye kamar baƙo a gidan biki. Mai yankansu, Haji Adnan, ya ga idona ya kawo ruwa, ya tambayi dalili, na gaya masa. Ya ce izinin na mutum ne, bai ji an ce sai da wuƙa iri kaza ba. Ya ajiye tasa ya karɓi ta Kaka, ni na riƙe ƙafafu, na ambaci sunan Baba, ya yi bisimilla ya yanka. Ragon nasu ɗan ƙarami ne, da ka gan shi da ka ce a mayar da shi wurin uwarsa, amma na yi kuka a kansa.

Da na dawo na ba Hassan labari, abokina mai karatun shari'a, sai ya ce ko a Amurka ana wannan ja-in-ja, wasu jihohi sun yi doka ɗaya a kan wuƙa sun hana birane su ƙara tasu, don kada mutum ya fito gida da gaskiyarsa ya zama mai laifi a gari na gaba. Nan take na tuna abin da 'yar'uwata Bintu ta gaya mini a waya, wai ƙaramar hukumarmu ta hana yawo da wuƙa saboda masu ƙwacen waya, har an kama mahauta biyu a hanyar mayanka, wasu kuma na cewa wannan hurumin majalisar jiha ne. Don Allah ka warware mini, Baffa. Maganar wa ake bi a yanzu? An tambayi mahautan dalilinsu kafin a kama su? Ni na rasa ɓangaren da zan tsaya, don na san tsoron da mutanen unguwa ke ciki, na kuma ɗanɗani tsayuwa gaban hukuma da wuƙar halal a hannu.

A wannan wayar ce kuma bakin Bintu ya suɓuce. Ta ce jikokinka biyu aka haifa bayan tahowata, Afnan da Fatiha, duka da wuƙar aro aka yanka ragunansu, kuma kai ka hana a gaya mini, ka ce ɗan marigayi ya fi buƙatarta a baƙon wuri. Allah Ya saka maka da Aljanna, Baffa. Hassan zai zo gida hutu, zan ba shi ita a naɗe cikin zanen Iya, a akwatin da ake aunawa a sa cikin kayan jirgin sama, ta iso kafin 'yarka Daso mai ciki ta haihu. Sai dai ina roƙonka, ranar sunan kada ka soke ta a ƙugu. Ka sa ta a jaka, ko da abokanka za su yi maka dariya.

Ka gaishe mini da Iya, da Bintu, da Daso da maigidanta, a shafa mini kan Afnan da Fatiha. Khaulah tana gaishe ku, tana neman addu'arku ga jariri Abdulmajid.

Ɗanka mai biyayya,
Zahraddeen Abdulmajid