Motar Baba Tana Durƙusawa, Inna Tana Jiran Wankin Ƙoda

Assalamu alaikum, Malam Injiniya. Ka taimake ni, dabara ta ƙare mini. Jiya ina tsaye a gareji bakanike na huɗu yana yi mini bayani a hankali, kamar mai lallashin yarinya, cewa irin wannan motar sai haƙuri, kuma zai fi kyau in koma gida in turo namiji.

Mu mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Kunci. Baba ya rasu shekara biyu ke nan, ya bar mana jif irin wadda ba sifirin a ƙafafunta, sai balan-balan na iska. Ba don Inna ba da tuni na ce a kai wa 'yan gwangwan. Inna tana da ciwon ƙoda, Litinin da Alhamis muke kai ta Kano wanki, ga ciwon ƙashin baya. Sau ɗaya muka gwada motar haya, kafin mu hau kwalta ta suma. Wannan jif ɗin kaɗai ke ɗaukar ta a hanyarmu ba ta yi kuka ba.

Da kakar bara yayana Hashimu ya shiga gona da motar kwasar wake. Yana hawa kunyoyi wani siririn ƙarfe ya karye, wanda ke haɗa ƙafar baya ta hagu da sensar tsayi. Sensar ce ke gaya wa kwamfutar motar ko wannan kusurwar ta yi sama ko ta yi ƙasa. A waya na karanta, a bencin asibiti, inda nake duk karatuna yanzu. Hashimu bai gaya wa kowa ba. Ya kai guntayen wajen Sama'ilu maƙeri, mai yi mana fartanya tun ina yarinya. Sama'ilu ya ƙera sabo mai kyau, ya ƙara masa kauri da tsawo don ya daɗe. Ba na ganin laifinsa. Fartanyarsa ba ta taɓa karyewa ba.

Motar ta karkace. Don kada a yi tafiya biyu, Hashimu ya tsaya wajen wani mai kwamfuta a hanyarsa ta zuwa kasuwar Dawanau, aka yi mata saiti a gefen titi, taya biyu a kwalta, biyu a rairayi, da buhu shida na wake a bayanta.

Yanzu kullum da safe bayanta na hagu a ƙasa yake, har ya kusa taɓa taya. In an tayar, kwamfiresa mai hura wa balan-balan ɗin iska ya yi ta gurnani ba hutawa. Makon jiya muna wuce Bichi ta zauna gaba ɗaya, muka rarrafa, muka isa asibiti muka tarar an ba wani gadon wankin Inna. Ƙafafunta suka kumbura, ta kwana huɗu a zaune tana neman numfashi.

Ga abin da ya sa ban rubuta wa likita ba. A ƙofar ɗakin Baba ake ajiye motar, sai mutanen gari suka ce durƙusa wa mai ita take yi. Mata har zuwa kallo suke. Inna ta yarda. Kowace safiya tana fitowa da sandarta ta dube ta, kuma lokacin ne kaɗai nake ganin fuskarta ta saki. Ta hana a cire balan-balan. Ta ƙi komawa wajen ƙanwarta Hajiya Luba a Kurna, kusa da asibiti, wai ko mota ba ta bar ƙofar ba.

Digiri na yi a lissafi, shi nake koyarwa a makarantar 'yammata. Na kwanta a ƙarƙashin motar da tef ɗin tela na auna, ƙarfen hagu ya fi na dama tsawo da kaurin yatsa guda. Na gaya wa Hashimu, ya ce sannu da ƙoƙari. Na nuna wa bakaniken jiya a rubuce, ya yaba kyan rubutuna. Na mayar da takardar jaka, na rufe ƙofar motar a hankali don kada ta ƙara sauka, na bar ta a garejin, na tafi tasha. Jibi Litinin.

Taka, Malamar Lissafi, daga ƙasar Kunci.

AMSA

Wa'alaikumus salam, Malama. Na tura miki wannan amsar ta waya ranar da wasiƙarki ta iso, don Litinin ba ta jiran fitowar jarida.

Awonki daidai ne. Ƙarfen da ya fi ɗan'uwansa da yatsa guda ƙarya yake yi wa kwamfuta duk tsawon tafiya, kuma saitin da aka yi a karkace ya koya mata ɗaukar ƙaryar a matsayin gaskiya. Amma durƙuson safe wata cuta ce daban, yoyon iska ne. Ki cire fiyus ɗin kwamfutar iskar da yamma, ki auna kusurwa huɗu daga tsakiyar taya zuwa bakin bodi, ki sake aunawa da safe. Wadda ta sauka, a fesa wa balan-balan ɗinta da bututunta ruwan sabulu, kumfa zai nuna ramin. A fara toshe wannan, sannan a sa ƙarfe na asali, sai a yi saiti a kan siminti shimfiɗaɗɗe, mota ba kaya, iskar tayoyi daidai. Kwamfiresan da ya yi watanni yana ihu kuwa, ki ɗauka kwanansa ya kusa ƙarewa.

Kada ki tsananta wa Hashimu. Waken da ya kwasa shi ke ciyar da gidan, kuma gyara ya nufa. Amma ki tafi da shi gareji, shi ya miƙa takardar, ke ki tsaya da tef. Ba adalci ba ne, sai dai yanzu ba adalci muke nema ba.

Ga wadda ba za ki so ji ba. Ko an yi duk wannan, tsohuwar motar iska a wannan hanyar sau biyu a mako za ta sake zaunar da ku, kuma jikin Inna ba zai jure rasa wanki da yawa ba. In aka sa sifirin, motar za ta daina durƙusawa, bayan Inna ne zai sha wuya. Ban ga gyaran da zai cece ki ba. Gidan Hajiya Luba kaɗai na gani.

Kada ki yi musu da Inna kan durƙuson, ba lissafinki take buƙata ba. Ki ce mata motar za ta zauna a ƙofar Baba a madadinta, wannan aikin kam tana iya shi ba bakanike. Hajiya Luba ta zo da kanta ta roƙe ta. Tana iya ƙi, kuma in ta ƙi, ba sakacinki ba ne.

Allah Ya ba Inna sauƙi, Ya jiƙan Baba, ke kuma Ya ba ki juriyar abin da ke gaba.

Injiniya Muhammadu Sani