Kyamarar da Ke Jin Kukan Keke

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya jikin ƙaramar, haƙoran sun gama fitowa? Mu nan lafiya lau, sai kewarki.

Yaya, albishirinki! Baba ya yarda in riƙa ɗaukarsa bidiyo yana gyaran keken ɗinki, ina sawa a intanet! Shekara biyu ina binsa, yana ce min shi ba ɗan wasan kwaikwayo ba ne. Sai dai abin da ya sauya masa ra'ayi ba mai daɗi ba ne. Likita ya ce kunnensa na hagu ya tafi, na dama ma yana bin sahu a hankali. Kin san kuwa Baba ba da ido yake gyara ba. Sai ya sa tela ya taka keken, shi ya rufe ido, ya karkata kai, ya faɗi ciwon tun kafin ya taɓa sukudireba. In kunnen nan ya tafi, aikin shekara arba'in ya bi shi. Shi da bakinsa ya ce in yi sauri.

Wayata ba za ta iya ba, minti biyar ta ɗau zafi ta mutu. Amma na ga wata kyamara a shagon da ke bakin titi, baƙa mai sheƙi, allonta yana juyowa, har bin fuskar mutum take yi. Ta ɗan fi ƙarfin aljihuna, amma raina ya biya. Jibi za mu je.

Ki gaida kowa.
Ƙanwarki, Auta.

Yaya tawa,

Ina gaisuwa, ya gida, ya ɗawainiyar yara? Allah ya sa kin huce, na ga faɗan da kika aiko a kan kada in zubar da ɗan abin da na tara.

To, sha kuruminki, Baba ya rama miki. Na ɗauka rakiya zai yi min, sai ga shi ya fito da kan keke mai hannu a cikin buhu. Na so ƙasa ta tsage in shige. Muna shiga ya ɗora shi a kan gilashin mai shago, ya kwance wani ɗan noti da gangan don keken ya riƙa wani ɗan ƙas-ƙas, ya ce a ɗauka da kowace kyamara yana juyawa, sannan a sa masa abin ji a kunnen dama ya saurara.

Aka fara da masoyiyata, baƙar nan mai sheƙi. Hoto kam ba a magana, furfurar Baba ɗaya bayan ɗaya. Amma kukan keken ya ɓace ɓat! Mai shago har da bugun ƙirji, wai ai ita da kanta take share hayaniya ta bar muryar mutum. Baba ya cire abin kunnen ya ce, "Malam, wannan hayaniyar ita ce karatun." Aka gwada biyu bayanta, duk kanwar ja ce.

Da mai shago ya gaji da mu, sai ya jawo wata ta hannu daga ƙasan kanta, duk ƙarzuwa, murfin batirinta an ɗaure da salatif. Ba ta bin fuskar kowa, amma tana da ramin makirifo, mai shago ya jona mata wani ɗan ƙarami mai igiya. Baba ya hana a maƙala masa makirifon a wuyan riga, ya maƙala shi a jikin keken. Da ya saurara, sai na ga murmushin nan da yake yi in keke ya tona asirin kansa. Mummuna ce, Yaya, amma ita muka ɗauko, har na samu rarar sayen ƙafar da ake ɗora ta. Gobe za mu fara, ƙafata ba ta taɓa ƙasa don murna!

Taki har kullum,
Auta.

Yayata,

Fatan kun tashi lafiya. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, bakina cike yake.

Mun fara da keken telan nan mai yawan surutu na layinmu. Ya taka, Baba ya rufe ido, ya karkata kai, ya ce wa kyamara keken lafiyarsa ƙalau, mai kawai yake so. Ni kuwa da abin ji a kunnena, ina jin wani siririn ƙis-ƙis daga ƙasa. Na ji tsoron kunyata shi a gaban tela, na kuma ji tsoron barinsa ya koyar da kuskure. Na daure na ce, "Baba, a duba ƙoshiya." Ya buɗe gidan zaren ƙasa, ga ta nan a tsage.

Ya daɗe yana kallonta. Na ce bari in goge bidiyon, ya ce kar in kuskura. Ya sa na cire abin kunnen, ya ce tela ya sake takawa, ya tambaye ni ko har yanzu ina ji. Wallahi ina ji. Ashe shekarun da na yi ina share shagon nan, ina miƙa masa kwalbar mai, kunnena karatu yake ɗauka ban sani ba.

Kin tuna kujerarsa da ko jingina da ita muka yi sai mun sha faɗa? Ya tashi, ya zaunar da ni a kai, ya sa min sukudirebarsa a hannu. Ya zagaya bayan kyamarar, ya ce in nuna masa inda ake dannawa. Na yi kuka, Yaya, ba zan ɓoye miki ba.

Ga bidiyon nan na tura miki. Kada ki yi dariya, ya yanke min rabin kai. Amma hannuwana sun fito, kukan keken kuma tar.

Ƙanwarki mai gyaran keke,
Auta.