Ƙasar Sawunka

Zuwa ga Yaya Alhusaini maƙeri,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙani ga wansa, ina rubuto maka ne ban san inda zan aika ba.

Na je gadar, Yaya. Na gan ta da idona, kuma tun da na dawo Agadas na kasa zama wuri ɗaya.

Ka tuna lokacin da Nasara suka shigo gari, Kumandansu ya sa aka tara maƙera za a kai su aikin gada can kudu. Kai da ba ka taɓa ganin ruwan da ya fi na rijiya ba, kai aka zaɓa wa kogi! Ina yaro a ranar. Kana juya baya Inna ta durƙusa a ƙofar gida, ta ɗebi ƙasar sawunka na dama, ta ƙulle a tsumma, yadda ake yi wa matafiyi a gidanmu. Ta rataye ƙullin a azara. Cewa take yi, ranar da ka dawo za a zube ta a inda aka ɗebo.

Ayari ya dawo, wani ya sake dawowa, babu kai. Wani falke ya ce ka faɗa ruwa. Wani ya rantse ya gan ka da mata da 'ya'ya. Inna ta hana a yi maka sadaka. Abin da take faɗa kullum shi ne, ba a yi wa mai dawowa sadaka. Har ta rasu a kan wannan maganar, ta bar mini ƙullin, ta bar ni da zullumi.

Bana na ga ƙafafuna sun fara gardama, na ce in ban je yanzu ba, shi ke nan. Na hau kamiyo, babbar motar kaya, na sha girgiza har na isa.

Gadar ta tsufa, Yaya, a ido har ta fi ni tsufa. Tsatsa ta ci ta. Mutanen wurin sun ce dawakin Nasara ne suka fara taka ta, sannan kamiyoyin gyaɗa, yanzu kuwa sai jakuna da masu tafiya a ƙasa, don an yi sabuwa a gefenta. Wai za a kwance ta bayan damina.

Na bi ta ina shafa kan ƙusoshin da kuka doka da zafinsu. Na yi zaton zan gane hannunka, tunda na sha ja maka zugazugi kana yi mini faɗa. Duk iri ɗaya ne. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na zagi ƙarfen da bai san na zo ba.

Wani tsoho mai jirgin ruwa ya nuna mini wani tudu a gindin gadar. Ya ce nan aka riƙa binne waɗanda aikin ya ci, ba wanda ya san sunayensu. Kana ciki? Ba ka ciki? Na tsaya har rana ta karkata.

Sai na kwance ƙullin. Na ce tunda ba ka zo ƙofar gida ba, ga ƙofar gida na kawo maka. Na zuba, na yi addu'a, na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar rasuwar Inna. Jibi za a yi maka sadaka, na riga na gaya wa liman.

Amma ba zan ɓoye maka ba, ban zuba duka ba. Hannuna ya ƙi. Na rage kaɗan, na mayar da shi azarar Inna.

Allah Ya ji ƙanka in ka rigaye mu, Ya yalwata makwancinka. In kuwa kana numfashi a wani wuri, Ya karkato da kai gida. Ƙofar tana nan inda ka bar ta.

Ƙaninka mai jira,
Mamman